Shekarar da Masu Gida suka rasa gida

Daga Bagudo zuwa Ƙofar Mata tafiyar yini guda ce cur a mota, kuma da yawanmu ba mu taɓa zama a kan benen filin wasa na Sani Abacha ba. Duk da haka, a watan Yulin 2022 da labari ya tabbata cewa Kano Pillars ta faɗo daga gasar Firimiyar Najeriya, an ji zafin abin a teburin mai shayi a Illo da Kaoje da Tsamiya kamar ƙungiyar unguwarmu ce ta faɗi. Jiharmu ta Kebbi ba ta da wakili a babbar gasar, saboda haka tun muna yara muka ari ta Kano muka yafa. A rediyo muka san ta, daga baya a waya. In yaro ya ci ƙwallo a filin makarantar firamare, ko ɗan Dandi ne ko Bafulatani ko Bahaushe, abin da ke fita daga bakin 'yan kallo ɗaya ne: Sai Masu Gida!

An yi ta bayani a kan wannan faɗuwa. Wasu sun ce 'yan wasa ne suka tsufa, wasu suka ce sauye-sauyen masu horarwa ne, wasu suka ɗora wa hukumar gasar. Kowanne da ƙamshin gaskiya. Amma mu da muke zaune a bakin iyaka, inda karɓar baƙo sana'a ce tun kaka da kakanni, abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne kirarin nan kansa, da yadda ma'anarsa ta juye a hannun masu yin sa.

A 1990 aka kafa Kano Pillars, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku na birnin: WRECA ta hukumar ruwa, da Kano Golden Stars, da ta Bank of the North. Ba a kan fako aka gina ta ba. Tun a 1953 tawagar Kano ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa, Turawa ba su tafi ba tukuna, sannan a 1978 Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar lig. Abin da Pillars ta ƙara shi ne ɗorewa. Ta ci gasar a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, ta sake ci sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, bayan an yi 1-1 a Kano da 2-2 a Alƙahira, ta kuma je har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. A kakar da ta biyo baya wani matashi mai suna Ahmed Musa ya ci mata ƙwallo 18, ya zama wanda ya fi kowa ci a gasar, daga nan ya wuce Turai. A 2018 ta ba Enugu Rangers uku da nema a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba, aka rama duka ukun, aka doke ta a bugun fenareti. Shekara na zagayowa ta share hawayenta a Kaduna, ta doke Niger Tornadoes, ita ma a fenareti, ta kai kofin Kano bayan shekara 66.

Amma ba kofunan ne suka fi shiga bakin mutane ba. Abin da aka fi yi mata kirari da shi shi ne, daga 2003 har zuwa Agustan 2015, wasan lig 202, babu baƙon da ya je Kano ya ci ta. Shekara goma sha biyu ke nan. Yaron da aka haifa a farkon wannan zango ya kusa gama firamare bai taɓa jin an doke Pillars a gida ba. Ranar da Nasarawa United ta karya lagon da ci 2-1, mutane da yawa ba su ɗauki abin a matsayin sakamakon wasa ba, sun ɗauke shi kamar an keta musu haddi.

A nan ne ya kamata mu koma baya kaɗan, mu tambayi kanmu wane ne mai gida. Garin Illo, da ke cikin ƙaramar hukumarmu a gefen kogin Kwara, yana kan ɗaya daga cikin hanyoyin da fatake suka bi zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19. Ayari kan taso daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya biyo ta Jega, ya haye kogi a Illo ko Gaya, ya ratsa ƙasar Bargu ta Kandi ko Nikki, ya sauka a Jugu, ya wuce Sansanin Mango da Yandi har Salaga. Tafiyar watanni ce, a cikin ƙasashen da ba na Hausa ba, kuma ba ta yiwuwa sai da mutum ɗaya a kowane zango: mai masauki, wanda ake ce wa fatoma ko mai gida. Shi zai sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an sayi kayansa bashi, ya shiga tsakaninsa da sarkin gari in rigima ta tashi. Ba don Allah kaɗai yake yi ba, yana da la'adarsa. Amma jarinsa duka sunansa ne. In aka taɓa baƙo a ƙarƙashin rufinsa, madugu zai kai labari zango na gaba, ayarin baɗi kuma ya sauka a gidan wani.

Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Paris a watan Yunin 1898 ta tsaga ƙasar Bargu biyu, ta bar Illo a ɓangaren Ingila, Kandi da Nikki a ɓangaren Faransa. Iyakar ta zauna, amma al'adar ba ta mutu ba. Har yau wanda ya taso daga Tsamiya zuwa Segbana, ko daga Lolo zuwa kasuwar Malanbil, ya san gidan da zai sauka, na can ma in ya zo ya san nasa. Da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba kaya kaɗai suka tsaya ba, har wannan zirga-zirga ta masauki ta yi rauni, mun kuma ga yadda gida ke zama in baƙo ya daina zuwa. A wurinmu dai mai gida shi ne wanda baƙo ke kwana lafiya a hannunsa. Baƙonka annabinka, in ji masu iya magana.

A filayen ƙwallon Najeriya kalmar ta ɗauki wata ma'ana dabam: mai gida shi ne wanda ba a isa a ci ba. Ba Kano kaɗai ba ce, duk wanda ya bi gasar ya san yadda cin wasa a waje ya zama abin mamaki, yadda baƙi ke isowa a gajiye bayan doguwar tafiya a bas, yadda alƙalin wasa ke busa usur yana lissafin ƙofar da zai fita. Ba muna cewa wasa 202 ɗin nan da tsoro aka ci su ba. Pillars ta tara gwanaye, irin su Gambo Mohammed da Rabi'u Ali da ake kira Pele, kuma filin da ya cika maƙil da masoya ƙarfi ne na halal ga kowace ƙungiya a duniya. Abin da muke cewa shi ne, dogon nasara ya koya wa wani sashe na magoya baya cewa maki ukun gida haƙƙinsu ne tun kafin a take leda. Wanda ya ɗauki abu haƙƙinsa kuwa, ranar da bai samu ba, ba zai ce an fi shi ba, cewa zai yi an cuce shi.

Abin takaici, 'yan wasan Pillars sun fi kowa sanin halin matafiyi. A watan Maris na 2015, suna kan hanyar Abuja zuwa Lokoja za su Owerri buɗe kakar wasa, 'yan fashi suka buɗe wa motarsu wuta, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Ƙasar gaba ɗaya ta jajanta musu. Ƙungiyar da ake kira Masu Gida rabin rayuwarta a kan titi take yi, wasa 19 cikin 38 a gidan wasu take buga su, tana fatan a karɓe ta lafiya a sallame ta lafiya.

Jarrabawar ta fara ne a 2020. Da annobar korona ta shigo, aka mayar da filin Sani Abacha cibiyar killace marasa lafiya, aka dakatar da gasar. Da aka dawo wasa, filin bai cika sharuɗɗan hukumar gasar ba, sai Pillars ta koma buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. Ahmed Musa, yana kyaftin ɗin Super Eagles, ya dawo ya sa mata riga na ɗan lokaci a 2021, amma Kanawa ba su gan shi a Ƙofar Mata ba. Kakar 2021/2022 ma a Kaduna ta fara ta, a watan Disamba, kuma ta fara da ƙafar hagu. Makin da a da ake tarawa a gida ba tare da fargaba ba suka riƙa zubewa, na waje kuma dama ba su saba zuwa da yawa ba. Kafin a raba kaka biyu, ƙungiyar da ta saba kallon tebur daga sama ta koma leƙen ƙasansa.

Kowa a lokacin magani ɗaya yake faɗa: a dawo da ita gida. Aka gyara fili, aka samu izini, aka dawo. Ba a jima ba, a tsakiyar Afrilun 2022, ana cikin azumi, Katsina United ta zo baƙunta. Maƙwabta ne, 'yan uwa, kuma ita ma tana fafutukar tsira. Wasa ya yi nisa babu ci. Ba a kai ga busa tashi ba wasu 'yan kallo suka ɓalle, aka tsayar da wasa, aka far wa motar baƙin aka farfasa gilasanta. Hotunan bas ɗin sun zagaya wayoyinmu a daren nan kafin sahur. Hukumar gudanar da gasar, LMC, ta ci tarar ƙungiyar naira miliyan tara, ta kuma kore ta zuwa filin Moshood Abiola da ke Abuja. Gidan da aka yi kusan shekara biyu ana kuka a kansa, a yammaci ɗaya aka sake rasa shi, kuma ba annoba ce ta ƙwace shi ba wannan karon.

Da abin ya tsaya a nan, da sai a ce aikin 'yan tsiraru ne, ɓata-gari da babu taron da ke rasa su. Amma a watan Yuni, a wasan gida da Dakkada ta Uyo, bayan baƙin sun farke ƙwallo ana dab da tashi, aka ga shugaban ƙungiyar na lokacin da kansa ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu, kyamara tana ɗauka. Hukumar ta kore shi daga harkokin gasar, a wannan kakar kuma an zaftare wa ƙungiyar maki uku. A tebur ɗin da ƙungiyoyin ƙasa ke rige-rige a kan maki ɗaya, uku ba ƙaramin rami ba ne. Da aka rufe kaka a watan Yuli, Rivers United ta ɗauki kofin karon farko a tarihinta, huɗu kuma suka sauka: MFM ta Legas, da Heartland, da Katsina United, da Kano Pillars, bayan kimanin shekara ashirin tana cikin manya ba tare da ta motsa ba. Mai masaukin da baƙon nasa na watan Afrilu tare suka tafi.

Ba za mu ce da babu waɗannan ranaku biyu lallai da ta tsira ba. Ƙungiyar ta yi rauni a fili, wannan a bayyane yake. Amma rauni a fili ciwo ne da ake jinya: a sayo ɗan wasa, a sauya mai horarwa, a daure. Abin da ya faru a Afrilu da Yuni wani abu ne dabam. 'Yan wasa suna ɗiban ruwa, masu cewa suna son su suna huda tulun. Kuma duka biyun a kan canjaras aka yi su, ba a kan shan kashi ba. Maki ɗaya yana hannu, aka ƙi shi saboda an saba da uku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar nan kuwa tun zamanin nasara take, ba wanda ya kula saboda ana ta ɗaukar kofi.

Akwai masu cewa duk laifin rashin fili ne, wai ƙungiyar da aka raba da gidanta ba ta da yadda za ta yi. Maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka sun ba da amsar wannan. A wasannin neman gurbin kofin duniya na 2026, tawagar Jamhuriyar Benin ba ta samu buga wasanninta na gida a Kwatano ba, saboda filinta bai samu amincewar hukumomin ƙwallo ba. Sai ta ari fili a Abijan, a ƙasar Kwaddibuwa. A can, ranar 10 ga Yunin 2024, ta karɓi baƙuncin Najeriya. Raphael Onyedika ya fara ci mana, Jodel Dossou ya farke, Steve Mounié ya ƙara kafin hutun rabin lokaci, aka tashi 2-1. Mai horar da su Gernot Rohr ne, wanda ya riƙe Super Eagles daga 2016 zuwa 2021. Mu da muke cin kasuwa ɗaya da mutanen Alibori mun sha tsiya a makon nan, ba a magana. Da suka zo Uyo a watan Oktoban 2025 aka rama mana da 4-0, Victor Osimhen ya ci uku, tsiyar ta koma inda ta fito. Haka wasa yake, yau gare ka gobe ga ɗan uwanka, kuma ranar kasuwa kowa ya sauka a gidan da ya saba sauka. Abin lura dai shi ne, ƙungiya tana iya rasa filinta ta ci wasa a filin aro. Abin da ba ta iya rayuwa babu shi shi ne amincin da ke sa a yarda a zo mata.

Pillars ba ta daɗe a rukuni na biyu ba. A 2023, a gasar ƙungiyoyi takwas da aka yi a Asaba, ta samu gurbin dawowa tare da Heartland da Katsina United da Sporting Lagos. Uku daga cikin huɗun da suka faɗi tare suka hau tare. Rabi'u Ali, da shekarunsa suka ba arba'in baya, bai gudu ba, ya sauka da ita ya kuma hau da ita. Ahmed Musa ya sake dawowa a 2024, wannan karon Kanawa suka gan shi da idonsu. Mun yi murna a nan ma, har da masu kwana biyu ba su ci abincin kirki ba a Yulin 2022.

Sai dai dawowa da sauri tana da nata haɗarin, domin tana sa a ɗauki faɗuwar kamar tuntuɓe ne kawai. A watan Oktoban 2025, bayan Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa a Ƙofar Mata aka tashi 1-1, 'yan kallo suka sake shiga fili, aka sake cin tara, aka sake zaftare maki, aka sake rufe filin. Canjaras ne kuma. Shekara uku da watanni ba su isa a manta ba, amma ga shi an maimaita.

Ba don mu yi wa Kano gori muke tuna wannan tarihi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma a nan mun sha ganin wasan makarantu ko na unguwanni da aka fara da gaisuwa aka ƙare da jifa, mun ga malamin da aka roƙa ya busa wasa ya koma gida ta bayan gari, mun ga yaran ƙauye da suka zo a bayan a-kori-kura suka tafi ba su sha ko ruwa ba saboda sun yi kuskuren cin masu gari. Yaran da ke yin haka daga manya suka koya, manyan kuma daga abin da suke ji ana yi a manyan filaye. Idan ƙungiyar da ta fi kowace farin jini a Arewa ta nuna cewa kunnen doki a gida abin faɗa ne, to ɗan aji biyar a Zagga ya samu fatawa.

Kakanninmu da suka sauke fataken Gwanja ba waliyyai ba ne, 'yan kasuwa ne masu son riba, kuma sukan yi ciniki mai zafi da baƙon nasu har a ɗaga murya. Amma sun raba abu biyu da ba su taɓa haɗawa ba: a ciniki kowa ya nemi nasa, a masauki kuwa ran baƙo da dukiyarsa amana ne. Minti casa'in na fili ciniki ne, a buga shi da duk ƙarfin da Allah ya bayar, a cika benaye, a yi ihu har murya ta dushe. Daga ƙofar fili zuwa bakin gari kuwa masauki ne. Wanda ya zo da bas ɗinsa lafiya ya koma da ita lafiya, ko ya ci ko an ci shi, haka shi ma mai usur.

Har gobe in Pillars za ta buga, za a taru a shagon mai cajin waya a Bagudo, wani ya ɗaga rediyo sama yana neman tasha, wani yana bin sakamako a Facebook yana karanta wa jama'a. In ta ci, za mu yi kirarin da muka gada. Muna so ne kawai ranar da baƙo ya zo Ƙofar Mata ya ƙwaci maki ɗaya, ko ma uku, a raka shi har mota, a yi masa Allah kiyaye hanya, domin mako mai zuwa mu ne a gidansa.